Uwar Kuɗi

Dubu sittin da biyar na ƙirga,
kuɗin wayar da na sayar a Taminus
da ɗan abin da Yaya Hansatu ta kwance daga bakin zane.
Na cusa su cikin safa.
Asubar Jos ba ta san sabo ba,
ta ciji kunnena, ta ciji yatsu,
har na isa Farin Gada ina hura hannu.

Motocin Bokkos sun riga ni sauka.
Buhunan dankali jingine kamar masu gyangyaɗi,
’yan dako na ihu a ba su hanya.
Ni da takardar digiri a gida cikin leda,
ban san kuɗin kwando ɗaya ba.

Mama Kangyang ce ta dube ni sama da ƙasa.
“Ɗan makaranta, saye ka zo ko kallo?”
Ta zura hannu har gwiwa cikin buhu,
ta zaro ɗaya, ta latsa, ruwa ya tsatso.
“Na sama kwalliya ne.
Gaskiyar buhu tana gindi.”

Rabin buhu, galan ɗin mai, kaskon aro,
na kafa tebur a Titin Bauchi, daura da ƙofar jami’a.
Ranar farko mutum huɗu.
Na huɗun Haladu ne, abokina,
ya ci, ya suɗe yatsa, ya ce sai gobe.
Goben Haladu har yau ba ta waye ba.

Mako na biyu kasuwa ta buɗe.
Aljihu ya kumbura, kai ma ya kumbura.
Na sayi takalmi mai ƙara,
na ciyar da majalisa tsire,
aka fara ce mini Alhaji, ina amsawa.
Ranar Litinin na koma sari,
na juye safa a gaban Mama:
ko kwando ba su kai ba.

Ba ta yi faɗa ba. Dariya ta yi har da tari.
“Ka yanka kazar, ka zo neman ƙwai.
Riba ’ya ce, ka ci in ka ga dama.
Amma wanda ya cinye uwa,
wa zai sake haifa masa?”
Ta ba ni kwando ɗaya zuwa Alhamis,
ta ce in nemi gwangwani biyu da littafi.

Littafin ne ya tona asirin kowa.
Ashe gawayi ɓarawo ne mai sanɗa.
Ashe wuƙata na fere riba tare da ɓawo.
Na koyi fira siririya kamar fatar albasa,
ɓawon kuma Baba Iro na Unguwar Rogo
yana saye wa awakinsa.
Na rubuta gishiri, na rubuta ruwa, na rubuta rasit,
har wanda ya ƙone ina kallon ƙwallo
na ba shi layinsa.

Sai malamai suka tafi yajin aiki.
Ƙofar jami’a ta yi tsit,
ruwan Agusta na dukan rumfa,
ni da kasko muna kallon juna.
Kwana uku na jira mai saye.
A na huɗu na ɗauki kula, na bi garejin makanikai,
na gane ciniki ma ƙafa gare shi,
in bai zo ba, kai za ka je.

Yanzu kaskon nawa ne.
Teburin dai ɗaya, ƙafarsa guda da dutse na tokare.
Jiya Haladu ya zo da sabuwar gobe,
na buɗe masa shafi na tara,
ya tuna yana da uzuri a Bukur.

Dare ya yi, na kashe wuta,
hannu na warin mai, na girgiza gwangwanaye.
Uwa na nan lafiya.
’Yar yau ƙarama ce, ɗari takwas da hamsin,
amma tana numfashi.